Ba kowane "babu netwok" ne laifin kamfanin waya ba

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara wa wannan jarida tamu farin jini. Dan Allah ka ɗan tsakura min fili in yi ƙorafi kan wata kalma guda ɗaya da muka mayar bargo, duk abinda ya lalace sai mu ja mu lulluɓa masa, wato netwok. POS ta ƙi fitar da risit, babu netwok. Firintar ofis ta ƙi buga takarda, babu netwok. Kyamarar tsaro ta daina nunawa a talabijin ɗin Alhaji, babu netwok, shikenan sai a hau tsine wa kamfanin waya alhali sau tari ko kusa ba ruwansu, matsalar tana nan cikin ɗakin a ƙarƙashin tebur.

Ni sana'ata kenan, jan waya da haɗa kwamfutoci a makarantu da ofisoshi da shagunan kafe, kuma abinda ya tunzura ni yin wannan rubutu wani aiki ne da aka kira ni kwanan baya a wata makarantar kuɗi. Suna da ɗaki mai kwamfuta 30 da yara ke gwajin jarrabawar CBT, tunda kowa ya san daga 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, to kwana uku komai ya tsaya cak. Ina shiga Hajiya mai makarantar ta tare ni tun daga bakin ƙofa, tace Injiniya wallahi layi uku na canza, kowanne sai da na zuba masa data, duk kamfanonin nan bakinsu ɗaya. Nace ranki ya daɗe bari in ga akwatin tukuna. Ina leƙawa naga fitilun suwic ɗin, wato akwatin da ake soka wayoyin kwamfutocin a ciki, duk suna ƙyaftawa tare a guje ba ƙaƙƙautawa, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya sai ga wata da kanta biyu duk a cikin suwic ɗin ɗaya suke. Ashe yaron da ke shara ne ya ga waya a yashe a ƙasa, ya ga rami babu kowa, ya taimaka ya soka ta. Na zare, ko minti ɗaya ba a yi ba komai ya dawo. Abinda ya fi ba ni takaici ma shine manhajar gwajin nasu a kan wata kwamfuta take a gaban ajin, wadda muke kira saba, ko kilobayit ɗaya na data bata buƙata. Kuɗin data ɗin nan duk asara ce kawai ta rashin sanin sunan abu.

To abinda ke cikin ɗakin nan shi ake kira LAN, ma'ana haɗin na'urori na cikin gida ɗaya ko ofis ɗaya ko makaranta ɗaya, suna magana da junansu ba sai sun fita waje ba. Intanet kuma shine titin da ya haɗa wannan gida da sauran gidajen duniya. Abu biyu ne daban. Kuma duk wanda ya taɓa tura bidiyo ta Xender ya riga ya haɗa LAN da hannunsa bai sani ba, waya ɗaya ta buɗe waifai ɗaya ta shiga, fayil ya wuce, ba data ba kati, ko a ƙauyen da babu sabis sam zai yi. Shi LAN ɗin ma ya girmi shafukan intanet da muka sani, domin tsarin haɗa kwamfutoci da waya da ake kira Ethernet tun 1973 wani injiniya Robert Metcalfe da abokin aikinsa David Boggs suka fara shi a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, lokacin gudunsa bai kai megabit 3 ba, su kuwa shafukan www sai 1991 suka fito fili.

Yadda nake yi wa yarana na shago bayani shine su ɗauka babban gida ne irin na gandu, mai sassa da yawa da tsakar gida ɗaya da soro ɗaya. Suwic shine tsakar gidan, akwati ne mai ramuka, akwai mai 5 akwai mai 8 da 16 da 24 har 48, kowace kwamfuta ta jawo wayarta ta soka. Aikinsa kawai ya karɓi saƙo daga wannan sashe ya miƙa wa wancan, kuma yana da wayo, yana haddace wace na'ura ce a wane rami dan haka saƙon Ladi ba zai kai wa Talatu ba. Da can akwai wani da ake kira hob, shi kuwa sanƙira ne, saƙon mutum ɗaya sai ya tsaya tsakar gida ya kwarara wa kowa, in mutum biyu suka yi magana lokaci ɗaya sai maganar ta cakuɗe a sake daga farko. Yanzu an daina yayinsa amma har gobe zaka ji mai shago yana kiran suwic da hob, ba laifi, sai dai in wani ya ɗauko maka hob na gaske daga tsofaffin kaya kar ka karɓa ko kyauta ne. Abinda ya faru a makarantar Hajiya kuwa, akwai wasu saƙonni da dole suwic ya aika wa kowane rami, to da yaron ya haɗa rami da rami sai saƙon ya fita ta nan ya dawo ta can ya sake fita, yana ta zagaye yana ninkuwa har ya cika hanyar ba wanda ke iya wucewa. Manyan suwic masu tsada suna gane haka su toshe ramin da kansu, ƙananan nan na araha basu san wannan ba.

Rawuta kuma ita ce soro. Duk wanda zai fita gari ta nan zai bi, duk baƙon da zai shigo nan zai yi sallama. In rawuta ta mutu ko data ta ƙare mutanen gida zasu ci gaba da hirarsu a tsakar gida, firinta zata yi aiki, kyamara zata nuna, saba zata bada jarrabawa, fita waje ce kawai babu. Abinda ke rikita mutane shine ɗan akwatin nan da ake saya a ofishin MTN ko Airtel a sa masa sim, shi abu huɗu ne aka cusa a kwali ɗaya, akwai modem da ke magana da dogon ƙarfen sabis, akwai rawuta, akwai ɗan ƙaramin suwic wato ramukan nan na baya, sannan akwai mai watsa waifai. Shi yasa zaka ga alamar waifai a wayarka ta cika taf amma ko saƙon WhatsApp baya tafiya. Cikar alamar nan tsakaninka da akwatin ne kawai, bata ce komai ba game da tsakanin akwatin da duniya. Haka yake ko Starlink ka sa, wadda ta shigo Najeriya a farkon 2023, farantin da ke kan rufi daban, abinda ke faruwa a cikin ɗaki daban.

Sai adireshi, wanda nan ne ake yawan faɗawa rami. Kowace na'ura a LAN sai da lambarta da ake kira IP, lambobi ne kashi huɗu da ɗigo a tsakani, kowane kashi daga 0 zuwa 255, misali 192.168.1.20. In kaga adireshi ya fara da 192.168 ko da 10 ko daga 172.16 zuwa 172.31 to na cikin gida ne, an ware su ne musamman dan wannan aiki, shi yasa 192.168.1.20 ɗin da ke ofishinka akwai irinsa sak a wani ofis a Maraɗi da wani a Landan kuma ba rikici, kamar dai kowane gida yana da ɗakin uwargida. Wanda duk ya yi makarantar kwana a da zai gane wannan da sauri, ɗalibi ɗari biyar amma akwatin gidan waya ɗaya, duk wasiƙa da lambar P.M.B. ɗin makaranta take zuwa, masinja ya kwaso a raba wa kowa tasa. Haka rawuta take yi, a waje lamba ɗaya ake gani, ita ta san amsar wa ce a cikin gida. Dole ce ma ta kawo wannan dabara, domin irin waɗannan lambobin gaba ɗayansu kusan biliyan 4.3 ne, kuma babban rumbun da ake rabawa daga cikinsa ya ƙare tun 2011.

Wa ke raba lambobin a cikin gida? Wani aiki ne a cikin rawuta da ake kira DHCP, shine mai unguwa, duk baƙon da ya sauka ya ba shi lambar ɗaki na aro zuwa wani lokaci. Dan Allah masu karatu ku riƙe wannan ko shi kaɗai, in ka duba kwamfutarka kaga adireshinta ya fara da 169.254 to ta yi sallama ne mai unguwa bai amsa ba sai ta laƙa wa kanta lamba, ma'ana ko waya ta tsinke ko rawuta a kashe take, kar ka je sayen data. Sannan unguwa ɗaya bata ɗaukar mai unguwa biyu. Sau nawa naje ofis naga oga ya sayo rawuta ta biyu dan waifai ya kai ɗakinsa, an soka ta haka nan ba a kashe mata DHCP ba, sai ita ma ta hau rabon lamba, rabin ma'aikata suna aiki rabi suna zaune, gobe kuma su yi musanya, har an fara cewa ofishin akwai aljanu. Irin wannan ce matsalar firinta da yau ta yi gobe ta ƙi, an ɗauke wuta an kawo, ta samu sabuwar lamba, kwamfutoci kuma suna can suna buga ƙofar tsohon ɗakinta. Firinta da saba da na'urar ajiyar hoton kyamara lamba ta dindindin ake basu, ba ta aro ba.

A ƙasan IP zaka ga wata lamba 255.255.255.0, sunanta sabnet mas, ita ce katangar gidan, ita ke nuna iya inda namu ya tsaya. Ma'anar waccan shine kashi uku na farko sunan gida ne, na ƙarshe lambar ɗaki, dan haka 192.168.1.20 da 192.168.1.50 'yan gida ɗaya ne amma 192.168.0.50 maƙwabci ne ko da kuwa tebur ɗaya suke, sai ta soro zasu gana. Kuma wannan katangar na'ura 254 kawai take ci. Ga mai shago ko ƙaramin ofis ya isa har ya yi yawa, amma cibiyoyin CBT da ake zuba kwamfuta 250 a zaure ɗaya ga na ko-ta-kwana ga saba ga kyamarori, lissafin baya kaiwa, sai an faɗaɗa zuwa 255.255.254.0 wadda ke ɗaukar 510. Na taɓa ganin inda layin ƙarshe na kujeru ya ƙi hawa ranar gwaji ana ta canza waya ana zufa, alhali ɗakuna ne suka ƙare a gidan.

Getwe ba wani abu bane illa adireshin soron, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ƙananan akwatunan Huawei kuma 192.168.8.1, in ka rubuta shi a burauza zaka shiga cikin rawutar kanta. DNS shine kamar jerin sunayen da ka ajiye a waya, ka rubuta sunan shafin intanet shi ya nemo lambarsa, in ya samu matsala sai kaga kamar intanet ya mutu alhali hanya a buɗe take, da yawanmu 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare muke sakawa. Akwai kuma lambar MAC mai harufa da lambobi 12 wadda kamfani ke buga wa na'ura tun daga masana'anta, ita kamar zanen wanzami ce a fuska, IP kuwa lambar ɗakin haya. Da ita suwic ke gane mutanensa.

Yanzu bari in zo kan kebul dan nan ne ake cutar mutane da gaske, kuma mu masu sana'ar da namu laifin. Wayar nan mai kai kamar na tsohuwar tarho amma ya fi faɗi, kan sunansa RJ45, a cikinta silli 8 ne an murɗe su bibbiyu, murɗin nan ba ado bane shi ke hana hayaniyar wutar lantarki shiga saƙo, dan haka yaron da ya warware su da tsawo kafin ya matse kai ya riga ya rage mata ƙarfi. Jerin da akasari muke bi shine fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, kai biyun duk iri ɗaya. Ga inda abin yake, gudun megabit 100 silli huɗu kawai yake amfani da su, gudun gigabit kuwa sai duk takwas ɗin, to in silli ɗaya daga cikin sauran huɗun bai matsu ba wayar zata yi aiki, fitila zata kama, mai aiki ya karɓi kuɗinsa ya tafi, amma ka sayi suwic na gigabit kana tafiya a kashi ɗaya cikin goma. Dan haka in an gama maka aiki kace a sa testa a gabanka kaga fitilu takwas sun bi layi, ba rashin yarda bane, haƙƙinka ne. Abu na biyu tsawo, ƙa'idar nau'in kebul ɗin da ake kira Cat5e da Cat6 mita 100 ce, in zaka wuce haka sai ka sa wani suwic a tsakani ko ka koma faiba, wato wayar da ke ɗaukar saƙo da haske, ba wai a ƙulla waya da waya a naɗe da salatif ba kamar wayar fanka. Na uku kuma shine jabu. Kwalin kebul mita 305 ne, zaka ga biyu duk an rubuta Cat6 amma ɗaya rabin kuɗin ɗaya, to mai arahar yawanci alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, wani ma zaka ga an rubuta CCA a jiki ƙanana. Ka kankare silli ɗaya da reza, in kaga fari a ciki ka ajiye musu kayansu. A gajeren zango zai lallaɓa, amma yana karyewa a cikin kai, kuma in kyamara ce ko akwatin waifai da ke shan wuta ta cikin kebul ɗin, abinda ake kira PoE, nan zai nuna maka halinsa, dare na yi kyamara ta kunna fitilunta ta mutu. Ban da ɓera da ke cin waya a silin, da tsawar damina da ke bin wayar da aka ratsa ta waje daga gini zuwa gini ta ƙone ramukan suwic, wannan kam duk shekara sai mun ci kasuwarsa.

Waifai ba zan ja shi da tsawo ba. LAN ne shima, iska ce kawai ta maye waya. Iri biyu ne, akwai mai 2.4GHz akwai mai 5GHz, na farko ya fi nisa da ratsa bango amma cunkoso ya masa yawa, na biyu ya fi gudu amma bulo biyu da dakin na kankare sun isa su kashe shi. Sai kaga an kulle rawuta a cikin durowar ƙarfe dan tsoron ɓarayi sannan ana mitar bata kaiwa ɗaki na uku. A ɗaga ta sama a tsakiyar gini. Kuma fasuwod biyu ne, na shiga waifai da na shiga cikin rawutar kanta, na biyun nan da yawa har yau admin ne kamar yadda ta zo a kwali, duk yaron unguwa ya sani. Wanda kuma yake ganin ya ɓoye fasuwod dan shi ya danna wa mutum da hannunsa, ya sani wayoyin yanzu suna fitar da shi a hoton QR a tura wa abokai.

Wani abin da ke haɗa mu faɗa da kwastoma shine megabit da megabayit. An ce maka layinka 20 ne, kana sauke fayil kaga 2.5 sai kace an cuce ka, alhali daidai ne, bit takwas ke yin bayit ɗaya, su da bit suke talla kai kuma da bayit kake gani.

Kafin ka kira irinmu mu caje ka kuɗin mota, ga abinda ni kaina nake fara yi. Ka duba fitilar ramin da wayarka take, in bata kama ba maganar waya ce. In ta kama, a Windows ka buɗe baƙin allon nan na cmd ka rubuta ipconfig kaga lambarka da ta getwe. Sai ka rubuta ping ka bi shi da lambar getwe ɗin, ping sallama ce kawai, kana jira a amsa. In soro bai amsa ba to matsalar a cikin gida take, kamfanin waya bai san ma ana yi ba. In ya amsa sai ka yi ping 8.8.8.8, in wannan ya ƙi to yanzu ne kake da bakin cewa data ko sabis, in kuma ya amsa amma shafi ya ƙi buɗewa to DNS ne. Minti biyu ne duka.

Edita, ni ba na cikin masu cewa dole sai an ƙirƙiro wa kowace na'ura sunan Hausa tsantsa, harshen da ya haɗiye mota da ofis da lamba ba zai shaƙe da suwic da rawuta ba, kuma in ka shiga kasuwa kace a baka "marabar saƙonni" kallonka kawai za a yi. Damuwata mu raba kalmomin, sabis daban, data daban, intanet daban, netwok ɗin cikin gida daban. Roƙona gareku shine ku ware ɗan gurbi ko rabin shafi ne a mako, malaman kwamfuta na kwalejojinmu da mu 'yan bakin kasuwa mu dinga kawo irin wannan da Hausa, in kun ba da dama ni zan fara da yadda ake haɗa kyamarar tsaro a gani ta waya. Ita dai Hajiya kafin in bar makarantar sai da na toshe sauran ramukan suwic ɗin da salatif, na rubuta lamba a jikin kowace waya, yaron sharar ma na roƙa masa arziki aka bar shi a bakin aikinsa.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Mai jan wayar kwamfuta, daga Sabon Garin Zariya